Macijin birni ɓera yake bi

A Bankok, babban birnin Tailan, lambar da ake bugawa idan gobara ta tashi, wato 199, ita ake bugawa idan an ga maciji a gida. A 2017 kaɗai, 'yan kwana-kwanan birnin sun samu kira fiye da 30,000 a kan macizai, da yawansu mesa ce. Wata a banɗaki, wata a rufin ɗaki, wata ta naɗe a injin mota. Su zo da sanda da buhu, su kama ta da rai, daga baya a kai ta daji a sake.

Ba wani abin mamaki a ciki. A kan fadamun kogin Chao Phraya aka kafa birnin. Ko filin jirgin saman Suvarnabhumi da aka buɗe a 2006, fadamar gamsheƙa ake kiran wurin kafin a cike shi. Mutum ne ya tarar da maciji, sannan ya tanadar masa abinci: shara ta tara ɓeraye, ɓeraye suka jawo mesa, kwalbati ya zama hanyarta. Da damina ruwa ya cika ramuka, sai ta nemi tudu, tudun kuwa ɗakin wani ne.

Abin da ya burge ni shi ne sun ɗauki lamarin aikin hukuma. Tun 1923 suke da gidan kiwon macizai na Cibiyar Sarauniya Saovabha, ƙarƙashin ƙungiyar Red Cross ta ƙasar, inda ake tatsar dafi ana haɗa maganin sara.

Mu fa? Abuja da Kano kullum cin gonaki da fadamu suke yi, bola kuma a bakin kowace unguwa. Da an yi ihun "maciji!" sai matasa su fito da sanduna da duwatsu, a nan ne kuma ake samun sara, domin mai ƙoƙarin kashe shi ne ya fi kusa da bakinsa. Wanda aka sara kuma a ɗaure masa ƙafa tamau, a tsaga wurin da reza, alhali likitoci sun hana duka biyun. Asibiti ake so a kai shi nan take.

Masana muna da su. Asibitin Kaltungo a Gombe ya shekara da shekaru yana jinyar saran kububuwa. A ɗauko ilimin nan a horar da 'yan kwana-kwanan biranenmu kamun maciji, a ba jama'a lamba ɗaya, kuma kowane babban asibitin birni ya ajiye maganin dafi kafin ruwan bana ya sauka.