Ilimin aiki ya bi injiniya har fili

Da wuya yau ka je inda ake gina gada, shimfiɗa bututu ko gyaran taransifoma ba ka tarar da injiniya riƙe da waya yana duba zane ba. Kamfanoni sun daɗe suna zuba kuɗi a manhajojin adana ilimin aiki, inda ake tara zane-zane, tarihin gyare-gyare da dabarun da ma'aikata suka gano. Wasu manhajojin sun karɓu, wasu kuwa ma'aikata kallon hadarin kaji suke yi musu. A ganinmu, umarnin ofis ba ya sa injiniya ya rungumi manhaja. Abin da ke jan shi shi ne ta fisshe shi a lokacin da aiki ya cije.

Aikin injiniya a fili yake. Janareta ta ƙi tashi a wani ƙauye, littafin bayaninta kuma yana kulle cikin kabad a birni. Idan zai ɗauki hoton farantin da ke jikin injin, nan take ya ga wanda ya gyara shi bara da abin da ya canja, ba sai an roƙe shi ya buɗe manhajar ba. Tun 1989 masani Fred Davis ya nuna cewa abu biyu ke sa mutum ya karɓi sabuwar fasaha: ya ga amfaninta, ya kuma ga sauƙinta.

Akwai na uku, wanda kamfanin Xerox ya gano. Mai bincike Julian Orr ya lura cewa masu gyaran injinan kwafi sun fi koyon aiki daga labaran da suke ba juna a teburin karin kumallo fiye da littattafan kamfani. Daga baya, a shekarun 1990, aka kafa tsarin Eureka, aka fara gwada shi a Faransa. Mai gyara zai rubuta dabararsa, ƙwararru su tantance, sannan a yaɗa ta da sunansa a jiki. Sunan nan shi ya sa suka riƙa rubutawa, domin kowane gwani yana so 'yan'uwansa su san hannunsa.

A Najeriya injiniyoyi sun riga sun nuna suna bukatar irin wannan tsari, tunda a zaurukan WhatsApp suke tura hotuna da tambayoyi. Matsalar ita ce amsar da aka bayar yau ta nutse gobe, in kuma waya ta ɓace ko ma'aikaci ya sauya wurin aiki, shi ke nan. Ga tsofaffin tashoshin lantarki irin su Kainji, wadda ke aiki tun 1968, waɗanda suka san halin injinansu ciki da bai suna ta yin ritaya.

Don haka muna kira ga kamfanoni da ma'aikatu su samar da manhajar da ke aiki ko babu intanet, wadda ke karɓar hoto da saƙon murya, har da na Hausa, saboda masu gyaran da rubutun Turanci ke ba su wuya. A naɗa masu tantancewa, domin kuskure ɗaya a harkar lantarki na iya cin rai. Hukumar kula da aikin injiniya ta COREN da ƙungiyar injiniyoyi ta NSE kuma su sanya gudummawar da injiniya ke bayarwa a irin wannan manhaja cikin abin da ake dubawa wajen auna ci gaban injiniya. Kafin a sallami duk wani tsohon hannu, a zaunar da shi a naɗi abin da ya sani.