Injiniya Ba Da Sufana Yake Farawa Ba

Jama'a, wani ƙanena a Tudun Wada ya sami shiga Jami'ar Fasaha ta Minna, wadda aka kafa a 1983, don ya zama injiniya. Zatonsa ranar fari za a miƙa masa sufana. Ashe lissafi ne da kimiyya, safe da yamma. Ya raina su, jarrabawa ta kayar da shi.

Ni dai a ganina, ɗan aji ɗaya ya riƙe lissafi hannu bibbiyu, ya yi aikin kowace rana a ranarta, kada kunya ta hana shi tambaya. Mu masu shirin zama malamai kuwa, mu bar tsorata yara da bulala a darasinsa. Ai madatsar ruwan Shiroro, mai ba da lantarki megawat 600, sai da aka lissafta ta a takarda kafin a zuba siminti.