Biki kasuwarmu ne, kada wutar wasa ta cinye mana ita

Jama'a, sanin kowa ne cewa ɗan kasuwar Maraɗi kalanda biyu gare shi. Akwai wadda ke rataye a bangon shago, akwai kuma wadda ke cikin kansa. Ta cikin kai ba ta san Janairu ko Yuli ba, abin da ta sani shi ne jajibirin ƙaramar Sallah, da kasuwar raguna ta layya, da Maulidi, da kaka lokacin da manomi ya sayar da gyaɗa da wake ya shigo gari neman kayan ɗakin ɗiyarsa, da kuma ƙarshen shekara. A cikin waɗannan ƴan kwanaki ne tela da mai atamfa da mai takalma da mai tuyar ƙosai ke haɗa abin da zai riƙe su sauran watanni. Saboda haka idan ana maganar biki, mu ba ƴan kallo ba ne. Maganar jarinmu ake yi.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan zance shi ne wata ɗabi'a da ke dawowa duk shekara tare da hunturu. Da zarar Disamba ta kama, sai ka ji tas! tas! a lunguna, yara na harba abin fashewar nan na wasa da maƙwabtanmu na Najeriya ke kira nokawut, wani a bakin rumfa, wani kusa da mai sayar da ruwa-ruwa da ya jera kwalaben mai a gefen titi. Daren sabuwar shekara kuwa har da wanda ke tashi sama ya watsa tartsatsi, ba wanda ya san rufin da zai sauka a kai. Wannan kuwa shi ne lokacin da komai ya bushe ƙayau, iska na kaɗawa dare da rana, kuma shagunanmu cike suke da kayan da mafi yawansu bashi ne muka ɗauko daga Kano ko Kwatano.

Ba mu ce a hana mutane murna ba. Mu ne ma farkon masu asara in gari ya yi tsit. Abin da muke cewa shi ne, wasan wuta ya kamata a yi masa wuri guda, da dare guda, da sanarwa tun da wuri, nesa da kasuwa. In an yi haka, abin da yake barazana gare mu a yau zai koma abin da ke kawo mana baƙi da ciniki.

Akwai garin da ya gwada haka, kuma labarinsa ya cancanci ɗan kasuwa ya ji. Sunansa Atami, yana bakin teku a ƙasar Japan, kimanin kilomita 100 daga Tokiyo, kuma arzikinsa baƙi ne masu zuwa wanka a maɓuɓɓugar ruwan zafi. A 1949 guguwar teku ta yi masa ɓarna. A watan Afrilun 1950 kuma gobara ta tashi daga man fetur, ta cinye tsakiyar garin, gidaje da shaguna kusan 1,000. To me suka yi bayan sun sake gini? A 1952 suka fara bikin wasan wuta domin mutane su san gari ya farfaɗo. Amma ba a cikin lungu suka yi shi ba. Daga bakin tashar jiragen ruwa ake harbawa, tartsatsin na faɗawa cikin teku, ƙwararru ne ke yi, kuma duka wasan bai cika wuce rabin awa ba. Har yanzu ana yin sa fiye da sau 10 a shekara, ana kuma bayyana ranakun watanni kafin lokaci. Masu masaukin baƙi na garin ne ke kan gaba wajen shirya shi, domin sun san duk wanda ya zo kallo sai ya ci, ya sha, ya kwana, ya sayi tsaraba.

Kada kuma a ɗauka su ba su taɓa ƙonewa a wurin biki ba. Ranar 15 ga Agusta 2013, a garin Fukuciyama, wani mai rumfar toye-toye a filin wasan wuta ya buɗe jarkar fetur da ta sha zafi zai ƙara wa injin wutarsa mai. Man ya fesa kan jama'a, wutar rumfar ta kama, mutum 3 suka rasu, sama da 50 suka ji rauni. An ɗaure mai rumfar, an dakatar da bikin shekaru kusan 10, sannan aka tsaurara doka kan ajiye abin kashe wuta a rumfunan manyan taruka. A lura da kyau: ba wutar sama ce ta yi kisan ba, jarkar ɗan kasuwa ce. Wane ne a cikinmu bai taɓa ganin ana zuba wa janareta mai yana cikin aiki ba, ga kaskon tuya a gefe? Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu a Maraɗi ba sai an ba mu labarin wuta ba. Ranar 8 ga Nuwamba 2021 gobara ta kama azuzuwan zana a wata makarantar firamare a nan cikin gari, yara sama da 20 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Ranar kowa ya ga mintocin da zana ke ɗauka kafin ta zama toka. To da me aka yi rumfunan wucin gadi da muke kafawa ranar biki? Zana ce, da buhu, da leda, da kwali. A Kano kuma gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016 ta mayar da masu shaguna da yawa ƴan neman taimako cikin dare ɗaya, kuma a cikinsu akwai waɗanda muke sari a hannunsu.

Wani zai ce ai mu ba mu da teku, ba mu da baƙin Tokiyo. Gaskiya ne, amma abin kallo bai yi mana kaɗan ba. Muna da hawan Sallah a fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, muna da na Sarkin Gobir a Tibiri, inda dawaki da ƴan lifida da masu algaita ke fitowa kamar yadda aka gada tun kafin zuwan Nasara. Muna da kokowar gargajiya, wadda aka fara gasarta ta ƙasa a Tawa a 1975, kuma ɗan jahar nan ne, Yakuba Kantu, ya fara ɗaukar takobi, shi ya sa filin kokowarmu ke ɗauke da sunansa. Duk shekarar da zagaye ya kawo gasar nan, jahohi 8 ne ke sauka a garinmu kwana da kwanaki. Mun kuma ga abin da ya faru a 2015, lokacin da aka yi bikin 18 ga Disamba a nan da sunan Maraɗi Kwalliya: masauki ya yi wuya, mai kabu-kabu bai huta ba, mai tuwo ta ɗora tukunya sau uku a yini. Ga Jiratawa a gefenmu da zogalenta da kayan lambu da tukwane, waɗanda baƙo ba ya komawa gida bai riƙa ba. Tsakaninmu da Katsina kuwa ba tafiyar yini ba ce, ta Ɗan Isa da Jibiya. Wanda ya ga yadda kasuwa ta mutu lokacin da aka rufe iyaka a 2019, da kuma bayan Yulin 2023, ya san darajar baƙon da ke shigowa da kuɗi a aljihu.

Abin da ya rage mana shi ne tsari, kuma lokaci na ƙurewa. Kowa ya san Sallah na matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara. Ƙaramar Sallah ta 2025 ta faɗo a ƙarshen Maris, zuwa 2030 za ta kasance a farkon Fabrairu, a 2033 kuwa a farkon Janairu. Ma'ana nan da ƴan shekaru cinikin azumi da na Sallah da lokacin kokowa da wasan wutar ƙarshen shekara duk za su haɗu a tsakiyar hunturu, daidai lokacin da shaguna suka fi cika, iska kuma ta fi ƙarfi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A nan muke kira ga ma'aikatar magajin gari da masarautunmu biyu da shugabannin ƴan kasuwa, a zauna a kan abubuwa huɗu.

Na farko, a ware fili buɗaɗɗe a bayan gari domin wasan wuta, a sa masa rana da sa'a, a bar shi a hannun waɗanda suka iya, motar ƴan kwana-kwana na tsaye a wurin. Bayan wannan fili kuma a hana harba shi, musamman kewayen babbar kasuwa da tashoshin mota da wuraren sayar da mai.

Na biyu, a riƙa sanar da tsarin bukukuwa watanni kafin lokaci, a gidajen rediyo da bakin sanƙira. Ranar Sallah sai an ga wata, amma hanyar da hawa zai bi da wurin da za a yi kasuwa ba sa jiran ganin wata. Mai sari na buƙatar lokaci, mai adashi ma na son ta san watan da za ta nemi kwasa.

Na uku, a shata wa masu abinci layinsu daban, masu tufafi daban, a bar hanyar da mota za ta iya shiga. Kuma a tabbata mata sun samu wuri mai kyau, domin sau da yawa mai awara da mai fura da ta taso tun asuba daga Tibiri ko Jiratawa ita ake turawa can ƙarshen fili inda ba mai wucewa, alhali ta biya harajin kasuwa kamar kowa.

Na huɗu namu ne, ba na hukuma ba. Nokawut ɗin nan ba daga sama yake faɗowa ba, a teburinmu yara ke sayensa. Ribar katan guda nawa ce, in aka auna ta da layin shaguna guda? Wanda ke sayar da shi ya dubi maƙwabcinsa na rumfa ya yi wa kansa hisabi. Kowane layi kuma ya haɗa kuɗi ya ajiye bokitin yashi da abin kashe wuta. A kashe janareta ya huce kafin a zuba masa mai. Uwar gida mai tuya ta tabbata ta kashe garwashi da ruwa kafin ta tashi, kada ta rufe shi da toka ta ce gobe ta dawo.

Mun san akwai masu cewa gobara ƙaddara ce. Ba mu musa ba, komai sai da ikon Allah. Amma dukanmu muna sa wa shago kwaɗo da dare, muna kuma biyan mai gadi, ba wanda ya taɓa cewa hakan rashin tawakkali ne. Ɓarawo ma yakan bar maka rumfa da awo, wuta kuwa ba ta barin ko littafin bashi.

Muna so ɗan Katsina da ɗan Damagaram da ɗan Tawa su riƙa cewa bana a Maraɗi za mu yi kallo, su zo da iyalansu, su sayi kayanmu, su koma lafiya, mu ma mu wayi gari mu tarar da shagunanmu yadda muka bar su. Shugabannin layi su fara wannan magana tun taronsu na gaba, kafin hunturu ya kama. Allah ya tsare mana dukiya da rayuka, ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.