Ra'ayinmu: Sabbin Manhajojin Kiɗa da Makomar Gangar Noma

A 'yan shekarun nan sana'ar ɗaukar waƙa ta fita daga manyan situdiyo na birnin Kano, ta shiga ɗakunan samari har a garuruwa irin su Kura da Bunkure. Kwamfuta ɗaya da makirfo ɗaya sun isa a fitar da waƙar biki kafin gari ya waye. Abin da ake rige-rige a kansa yanzu shi ne ƙananan manhajojin nan da ake kira filogin, waɗanda ake ɗorawa a kan FL Studio ko Cubase don gyara murya da kwaikwayon amon kayan kiɗa. Da zarar sabuwa ta fito, sai kowa ya yi watsi da ta hannunsa.

Mu dai ba mu ƙi sabon abu ba, domin in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Mutanen Kadawa sun fi kowa sanin haka. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ƙasar da take bushewa da rani ta koma ba da shinkafa da alkama da tumatir. Amma kowane manomi a can ya san cewa in aka saki ruwa ba bisa ƙa'ida ba, gona takan jiƙe ta lalace. To, haka sha'anin waɗannan manhajoji yake.

Mu ɗauki Auto-Tune, wadda kamfanin Antares na Amurka ya fitar a 1997. Aikinta shi ne ta jawo muryar mawaƙi zuwa mafi kusa daga cikin matakai 12 na ma'aunin kiɗan Turawa. Alhali kuwa Hausa harshe ne mai karin sauti. Hawa da saukar murya ne kaɗai suka raba kukan yaro da kukar miya. In aka tsananta gyaran, sai laushin murya ya ɓace, a rasa bambanta wannan mawaƙi da wancan. Haka kuma makaɗin kalangu yakan matse igiyoyinsa a hammata har ya yi magana kamar mutum, abin da amon da aka naɗo daga ƙasashen waje ba zai yi ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka muna da shawarwari uku ga 'yan'uwanmu masu wannan sana'a. Na farko, kafin a sauya manhaja, a fitar da kowace murya da kowane kiɗa daban-daban a matsayin fayil na WAV, domin tsohon aiki yakan ƙi buɗewa yadda yake in an cire abin da aka gina shi da shi. Na biyu, a guji manhajojin sata, waɗanda sukan zo da cutar kwamfuta, tun da akwai na kyauta masu kyau.

Na uku, kuma shi ne mafi muhimmanci, a juya makirfo ya fuskanci gida. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos kuma a 2015, amma muryoyinsu suna nan don an naɗe su. Makaɗin gangar noma da ke zuga samari a wurin gayya fa, wa ya naɗe shi? Tarakta da aikin ƙodago suna ta rage gayya, ganga kuwa tana bin ta. Waɗannan manhajoji da kansu suna iya adana amon ganga da kalangu da kukuma, a riƙa amfani da shi cikin sabbin waƙoƙi. Sai dai wajibi ne a nemi izinin makaɗan, a ambaci sunansu, a biya su haƙƙinsu.

Muna kira ga ɗalibai 'yan wannan yanki da su ɗauki wannan aiki a lokacin hutu, malamanmu na sashen harsunan Nijeriya kuma su tanadi ma'adanar da za a ajiye shi. Jami'an al'adu na ƙananan hukumomi su ma suna da rawar da za su taka. In muka yi sakaci, jikokinmu za su gaji kayan aiki na zamani, amma su rasa abin da za su kaɗa da su. Allah ya sa mu dace.