Ƙofar Da Aka Rufe Wa Dangi

Jama'a, a wannan mako za mu leƙa ƙasar Ingila, mu duba abin da ya faru a gidajen tsofaffi na can sa'ad da annobar korona ta sauka a cikin shekarar 2020. Watakila mai karatu ya ce, ina ruwanmu da gidan tsofaffi, mu da iyayenmu da kakanninmu suke zaune tare da mu har ranar da Allah Ya karɓi abinsa? To, a yi haƙuri a bi ni sannu, gama Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Da farko ya kamata mu san irin gidan da ake magana. A ƙasashen Turai, idan tsufa ya ci ƙarfin mutum har ba ya iya wanka ko cin abinci da kansa, akan kai shi wani gida na musamman inda ma'aikata ke lura da shi dare da rana. A Birtaniya baki ɗaya mutum wajen 400,000 ne suke zaune a irin waɗannan gidaje lokacin da annobar ta zo, kuma kusan bakwai cikin kowane goma suna fama da gigin tsufa ko mantuwa mai tsanani. Ma'aikaci ɗaya yakan shiga ɗaki bayan ɗaki, ya tā da wannan, ya wanke wancan, ya ba wata abinci a baki. Aiki ne da ba ya yiwuwa daga nesa. Cutar korona kuwa ta numfashi take bi, ta fi yi wa tsofaffi illa, sa'an nan mutum yana iya ɗauke da ita yana rabawa alhali shi kansa bai ji ko ciwon kai ba. Ke nan duk abin da cutar ke bukata ta same shi a ƙarƙashin rufi ɗaya.

Ran 11 ga watan Maris na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta zama annobar duniya. Ran 23 ga watan Firayim Minista Boris Johnson ya umarci mutanen Birtaniya su zauna a gida. Ran 2 ga Afrilu kuma gwamnati ta aika wa gidajen tsofaffi na Ingila takardar ƙa'idoji, a ciki aka ce kada dangi da abokai su zo ziyara, sai fa in wata larura babba ta taso, kamar a ce ajalin tsoho ya gabato. Ba Ingila kaɗai ta yi haka ba. Amurka ta hana ziyara tun ran 13 ga Maris, bayan da cutar ta kashe mutum fiye da 20 a wani gidan tsofaffi na garin Kirkland a jihar Washington. Ƙasar Suwidin ma, wadda ta ƙi kulle jama'arta, ta rufe wannan ƙofa daga 1 ga Afrilu har zuwa 1 ga Oktoba.

Ba na ganin laifin wanda ya rufe ƙofa a waɗannan makonni na farko. Babu allurar rigakafi, kayan gwaji sun yi ƙaranci, takunkumin fuska da safar hannu kuwa asibitoci ma nema suke yi. Wanda bai san yawan abokan gāba ba, in ya garƙame ƙofar gari ba za a ce ya yi wauta ba.

Amma ga inda gizo yake saƙa. A cikin wannan takarda ɗaya da ta hana 'ya ganin uwarta, an rubuta cewa ba dole ba ne a gwada majiyyaci a tabbatar ba ya da cutar kafin a ɗauko shi daga asibiti zuwa gidan tsofaffi. Dalili shi ne ana so a sami gadaje a asibitoci don masu zuwa. Ofishin da ke binciken ayyukan gwamnati da kuɗinta ya ƙididdige cewa tsakanin 17 ga Maris da 15 ga Afrilu an sallamo mutum wajen 25,000 daga asibitoci zuwa waɗannan gidaje, kuma sai a ranar 15 ga Afrilun ne aka ce lalle a riƙa gwada kowa. Watau an toshe ƙofar zaure, an bar ta bayan gida a buɗe.

Akwai wata ƙofar kuma da ta fi wannan faɗi, ita ce ta ma'aikata. Ba da gangan suka shigo da cutar ba, da yawansu ma sun rasa rayukansu a bakin aiki. Albashinsu kaɗan ne, saboda haka wasu suna aikin kwangila a gida biyu ko uku a mako guda. Wasu kuma in sun kwanta ciwo abin da za a ba su bai kai ya riƙe iyali ba, sai mutum ya daure ya fito aiki da zazzaɓinsa. Binciken da gwamnati ta sa aka yi a gidajen a cikin 2020 ya nuna cewa cutar ta fi yawa inda ake yawan ɗaukar ma'aikatan wucin gadi, ta kuma ragu inda ake biyan ma'aikaci haƙƙinsa in ya yi rashin lafiya. Ashe kuɗin jiyyar ma'aikaci shi ma rigakafi ne.

Sakamakon ba ya da daɗin faɗi. Daga farkon Maris zuwa tsakiyar Yuni na 2020, mazauna gidajen tsofaffi fiye da 19,000 suka mutu da cutar a Ingila da Wales, duk da cewa a watan Mayu Ministan Lafiya Matt Hancock ya ce gwamnati ta yi ƙoƙarin kewaye gidajen da garkuwa. A Kanada kuwa, kusan takwas cikin goma na waɗanda suka mutu a zagayen farko mazauna irin waɗannan gidaje ne, har sai da aka tura soja su taimaka a lardunan Kwibek da Ontariyo. Daga baya wasu mata biyu da suka rasa ubanninsu suka kai ƙara, ran 27 ga Afrilu na 2022 Babbar Kotu a London ta yanke hukunci cewa ƙa'idojin Maris da Afrilu sun saɓa wa doka, domin masu rubuta su ba su yi la'akari da mai ɗauke da cutar wanda ba ta nuna a jikinsa ba, ba su kuma ce a keɓe sabon zuwa har kwana 14 ba.

To, yaya tsofaffin da suka tsira? A nan ne aka gudu wa gara aka faɗa wa zago. Wata ya bi wata ƙofa tana rufe. Aka shiga ziyarar taga, ɗa yana tsaye a waje cikin sanyi, uba yana ciki. Aka kafa allon gilashi tsakanin mata da miji waɗanda suka shekara 50 tare. Mai hankalinsa zai gane dalili ya yi haƙuri. Amma mai gigin tsufa fa? Shi abin da ya sani kawai, fuskar da ya saba gani ta ɓace, hannun da ya saba karɓar abinci daga gare shi ya daina zuwa. Dangi da ƙungiyoyin masu lura da irin waɗannan majiyyata sun yi ta kuka cewa tsofaffi suna ramewa, suna daina magana, wasu har sun manta 'ya'yansu. Kuskuren da aka yi shi ne an ɗauki kowane ɗan'uwa baƙo ne mai zuwa hira. Alhali 'yar da take zuwa kullum ta ba uwarta abinci, ta gyara mata kai, ta lura da ƙurjin da ma'aikaci bai gani ba, tana cikin masu jiyya, sai dai ba ta karɓar albashi. Bugu da ƙari, idon dangi shi ne mai tsaron gidan. Ranar da aka hana su shiga, ranar aka rasa mai tambaya.

An fara allurar rigakafi ran 8 ga Disamba na 2020, aka sa mazauna gidajen tsofaffi a sahun gaba. Ran 8 ga Maris na 2021, watau bayan kusan shekara guda, aka yarda kowane tsoho a Ingila ya zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa shigowa, a gwada shi a bakin ƙofa, ya sa takunkumi, ya riƙe hannun nasa. Aka kuma yarda da matsayin mai jiyya na dangi, wanda ake bi da shi kamar ma'aikaci wajen gwaji da kayan kariya. Ran 6 ga Afrilu na 2024 aka mayar da ziyara ɗaya daga cikin sharuɗɗan doka da ake binciken gidajen tsofaffi da asibitocin Ingila a kansu. Abin tambaya shi ne, in gwaji da takunkumi sun isa su shigar da ma'aikacin da ya fito daga gida uku, me ya hana su shigar da ɗa guda tun da wuri?

Yanzu mu dawo gida. Mu ɗakin tsohuwa da zauren maigida su ne gidan tsofaffinmu, kuma annobar ba ta tsallake su ba. A watan Yuni na 2020 Ministan Lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya ce an binciki mutuwar mutum 979 da aka yi a Kano a watan Afrilu, akasarinsu dattawa, aka ga kashi 50 zuwa 60 cikin 100 suna iya zama da hannun korona a ciki. Mu kuwa zumunta a ƙafa take. Da an ji Malam ba ya da lafiya sai ɗaki ya cika da 'yan dubiya, ana musafaha, ana tari, taga a rufe. Turawa sun yi kuskure wajen korar kowa, mu kuma namu haɗarin shi ne karɓar kowa.

Hanyar tsakiya ba ta da wuya. Ranar da wata annoba ta numfashi ta sake zuwa, a ware mutum ɗaya ko biyu su zama masu jiyyar tsoho, su rage shiga taro da kasuwa. Mai mura ko zazzaɓi ya aiko da gaisuwa ta waya, ko da shi ne babban ɗa. 'Yan dubiya su tsaya a tsakar gida ko ƙarƙashin inuwa inda iska ke kaɗawa, kaɗan kaɗan, ba a ɗaki ba. A ajiye ruwa da sabulu a bakin ƙofa. Wanda aka sallamo daga asibiti a ba shi ɗakinsa na 'yan kwanaki. In akwai 'yar aiki, ranar da ta yi rashin lafiya a bar ta ta huta, a biya ta kuɗinta cif. In kuwa rigakafi ya samu, a fara da masu furfura.

Amma kada a bar tsoho shi kaɗai da sunan ana tsare shi. Mutumin da ya haura 80 ba ya da shekara guda ta ajiyewa a jira annoba ta wuce. Duk mai rubuta dokar hana ziyara, ko hukuma ce ko maigida, ya kamata ya rubuta ranar da za a sāke duba ta, da sunan wanda ba za a taɓa hana shi shiga ba.

Allah Ya kiyaye mu da annoba, Ya ba mu ikon riƙe iyayenmu da mutunci. Sai mako mai zuwa.