Sun ɗauke jan ambulan, sun kuma toshe bakin ɗan kallo

Wani abokin aikina ya tare ni a ƙofar ɗakin watsa shiri, na fito ke nan daga filina na daren Asabar, wanda masu saurare ke bugo waya suna faɗin ra'ayinsu kan fim ɗin da suka kalla. Ya ce, "Malam, wai har yaushe za ka riƙa ɓata minti arba'in kana sauraron mai shayi yana sharhin fim? Ai yanzu waya ke zaɓa wa mutum abin kallo, ta ma fi shi sanin abin da yake so." Dariya na yi a lokacin, amma maganar ta tsaya mini a maƙogwaro. Ga amsar da ban ba shi ba a ranar.

Kamfanin da ya koya wa duniya wannan tunani, wato Netflix, da gidan waya ya fara. Reed Hastings da Marc Randolph suka kafa shi a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1997, kuma a 1998 ya fara aika wa mutane faifan DVD har gida. Daga 1999 tsarin ya koma kuɗin wata: ka shiga shafinsu, ka jera finafinan da kake so ɗaya bayan ɗaya, ma'aikacin gidan waya ya kawo maka na farko cikin jan ambulan. In ka gama ka mayar a ambulan ɗin, su turo na gaba. Babu ranar mayarwa, babu tarar jinkiri. Wannan na cikin abin da ya karya Blockbuster, sarkin shagunan haya, har ya durƙushe a 2010.

Abin da ya dame ni ba faifan ba ne. A ƙarƙashin kowane fim akwai wurin da ɗan kallo zai ba da tauraro ɗaya zuwa biyar, ya kuma rubuta dalilinsa. Tun da sai ka jira kwana ɗaya ko biyu kafin faifai ya iso, ba ka zaɓe da garaje. Sai ka tsaya ka karanta abin da wata malamar makaranta ko wani direban babbar mota ya rubuta, ka auna, sannan ka sa fim ɗin a layi. Kai ke tsara layinka da hannunka, da shawarar mutane irinka.

To me aka yi da wannan? A 2006 kamfanin ya sa gasar dala miliyan ɗaya ga duk wanda ya gyara lissafin da kwamfuta ke yi wajen hasashen abin da mutum zai so, aka ba da kyautar a 2009. A 2007 aka fara kallo kai tsaye ta intanet. A 2017 aka cire taurarin, aka kawo babban yatsa: ko ka ɗaga ko ka kifar. A 2018 kuma aka daina karɓar sharhi a shafin kallo ta intanet, aka goge wanda mutane suka shafe shekaru suna rubutawa a can. Hujjarsu wai amfani da shi ya ragu. Ina zai ƙaru, alhali a kwamfuta kaɗai ake ganinsa, babu shi a waya, babu a talabijin? Ka kulle rijiya, sannan ka ce mutanen gari sun daina ɗiban ruwa.

Hujjar cire taurari ta fi ba ni haushi. Sun lura mutum zai ba fim mai ilmantarwa tauraro biyar, ya ba na barkwanci uku, amma na barkwancin yake ta maimaitawa. Sai suka yanke hukunci cewa bakinsa ƙarya yake, idonsa ne mai gaskiya. Ni kuwa na ce duka biyun gaskiya ne. Wanda ya dawo daga kasuwa a gajiye ya kunna abin dariya bai yi ƙarya ba da ya ce wancan ɗayan ya fi daraja. Ni kaina na fi cin ƙosai a kan dambun nama sau ɗari, amma in aka tambaye ni wanne ya fi, ba zan yi inda-inda ba. Mutum yana da abin da yake yi, yana da abin da yake girmamawa. Na'urar da ke ƙirga na farko kaɗai za ta yi ta tura maka ƙosai har ka manta akwai dambu. Kuma kada mu yaudari kanmu, kamfanin da ya koma shirya finafinansa da kuɗinsa ba zai ji daɗin ganin wani ya rubuta "wannan ɓata lokaci ne" a ƙasan hajarsa ba.

Na san za a ce ina kukan mutuwar da ba ta gidanmu ba. Gaskiya ne, mu ba mu taɓa hayar fim ta gidan waya ba. A garuruwanmu wasiƙa ma a akwatin gidan waya take jiranka, ba a kawo ta ƙofa. Amma mun san shagon hayar kaset. Ina yaro, mai shagon unguwarmu zai riƙe kaset a hannu ya ce, "Wannan na Indiya kar ka kai gida in Baba na nan, rawa ta yi yawa," ko ya ce, "Wannan na Kano na ɗaya ne kawai mai kyau, na biyun cikon kaset ne." Kasuwarsa yake ragewa da bakinsa, don ya san gobe ma za mu haɗu a masallaci. Yau kuwa yaron da ke tura fim a waya sai ya cika maka da duk abin da ake yayi, bai kalli ko rabi ba. Hanyarmu daban da ta Amurkawa, amma rami ɗaya muke gangarawa.

Shi ya sa nake buɗe layi ga mai shayi. Makon jiya wata baiwar Allah ta bugo, ta yi minti huɗu tana bayanin yadda wani fim ya mai da bazawara abin dariya, ta kawo fitowa uku a matsayin shaida. Wani dattijo ya bugo ya ce bai yarda ba, a ganinsa dangin mijin fim ɗin ke zagi. Har aka rufe fili ba su daidaita ba. Ka faɗa mini, abokina, da wane yatsa za a ɗaga wannan muhawara?

Ranar 29 ga Satumba, 2023, Netflix ya aika jan ambulan na ƙarshe, bayan faifai sama da biliyan biyar a cikin shekara 25. An ce wa masu haya su riƙe faifan da ke hannunsu, ba za a caje su ba. Sharhin da mutane suka rubuta a shafin kallo ta intanet kuwa tun shekara biyar kafin nan aka share shi.

Ran Litinin zan shiga ofishin shugaban shirye-shirye in nemi a ƙara wa filin minti goma. Layuka uku muka bari suna ƙara a makon jiya ba mu ɗauka ba.