ZANCEN WATA: Mai Ƙaramin Guzuri a Birnin Makka

Zancenmu na wannan wata a kan mutumin da ya ɗaura niyyar Makka ne, ga shi kuwa jakarsa ba nauyi. Mun san da yawa cikinmu sai sun shekara da shekaru suna adashi kafin kuɗin kujera su cika.

Tafiya da ɗan guzuri ba baƙon abu ba ne gare mu. Kakanninmu da sanda da gora da buzu suka riƙa fita, su bi ta Kano da Maiduguri, su ratsa Abeshe da Fashir, su kai Suwakin su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. In guzuri ya ƙare a hanya, sai su tsaya ƙodago a gonakin auduga na Jazira, waɗanda aka buɗe a ƙasar Sudan cikin 1925. Waɗansu da suka isa ba su komo ba. Jikokinsu suna nan a Makka, wajen Misfala da Jarwal da Shara Mansur, har yau kuwa in ka yi sallama da Hausa a can za a amsa maka.

To, amma Makkar yau ba ta kakanninmu ba ce. Birni ne mai cunkoso, ba dare ba rana. Dab da Harami akwai dogon ginin agogo, wanda aka gama a 2012, tsawonsa mita 601. Ka'idar masauki guda ce, watau gwargwadon kusancinka da Ka'aba, gwargwadon tsadar ɗaki. Mai ƙaramin ƙarfi sai ya nemi ƙarshen Misfala ya riƙa takawa, ko ya sauka Aziziyya ya riƙa shiga motar safa. Mai Umra kuma ya sani goman ƙarshe na azumi su ne maƙurar tsada, Muharram da Safar sun fi sauƙi.

Abinci ba shi da wuya in an haɗa kai. Gurasar tamis da wake ta ishi mutum karin kumallo, farantin shinkafa bukhari guda kuwa sai mutum biyu su ci su ƙoshi. A tafi da ɗan garin rogo da yaji da ƙuli-ƙuli. Ruwan Zamzam kyauta ne a cikin masallaci. Amma goro, ko da shi ne ya kafa zangunanmu, hukumomin alhazai sun sha gargaɗi kada a ɗauka. Haka nan kada wanda ya karɓi ƙullin saƙon da bai ga cikinsa ba, domin hukuncin ƙwaya a Saudiyya yana kai wa ga kisa.

Tsaraba ita ce ramin da ke cinye guzuri. Yawancin carbi da darduma da agogon da ake jibgowa daga ƙasar Sin da Turkiyya suke, irinsu kuwa suna nan a kasuwar Kumasi da ta Nima. Dabino da Zamzam sun isa tsarabar mai hankali. Mu ma da ke gida mu rage doguwar takardar saƙo da muke ɗora wa alhazai.

Sai wurin da ba a yin tsimi ko kaɗan, watau takardar izinin Hajji. Bizar Umra ko ta ziyara ba ta ba mutum damar tsayuwar Arfa. Akwai dillalai masu zaƙin baki da ke cewa za su shigar da mutum a rabin kuɗi. Lalle mu tuna abin da ya faru a Hajjin 2024. Zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumar Saudiyya ta ce mutum 1,301 suka rasu, kashi 83 cikin ɗari ba su da izini. Dalili kuwa a fili yake. Wanda ba shi da takarda ba shi da tanti mai sanyi a Mina, ba shi da kujera a mota. Sai ya taka cikin rana, tsakanin Makka da Arfa kuwa wajen mil 12 ne. Araha ba ta ado, wannan kam har rai take ci.

Malamanmu sun karantar da mu cewa Hajji yana wajaba ne a kan wanda ya sami iko. Wanda kuɗinsa ba su cika ba, babu laifi a kansa in ya jira baɗi. Saboda haka muna roƙon limamai da sarakunan zango su faɗakar da jama'a, musamman 'ya'yan da ke biya wa tsofaffinsu. A yi tsimi a ɗaki da abinci da tsaraba, kuɗin kujera kuwa a kai su ga hukumar alhazai ko wakili mai lasisi, a karɓi rasit.

Allah ya kira mu ɗakinsa da guzuri na halal, ya komo da mu lafiya, amin. Sai wata mai zuwa in muna da rai.